Rubutun Khmer a kwamfuta: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Me ya sa nake ganin akwatuna maimakon haruffa?

Babu font ɗin Khmer, rubutun ƙasar Kambodiya, a na'urarka. Sauke Noto Sans Khmer ko Khmer OS. Rubutun bai lalace ba, daina goge shi.

Ina haruffan suke a Unicode?

Unicode shi ne tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta. Na Khmer suna daga U+1780 zuwa U+17FF, tun 1999. Baƙaƙe 33 da ake amfani da su yau a Kambodiya, wasula, lambobi, har alamar kuɗin riyal ɗinsu, duk suna nan.

To wancan rukunin na U+19E0 fa?

Alamomi 32 ne na kwanakin wata, aka ƙara su a 2003: goma sha biyar na lokacin da wata ke cika, goma sha biyar na lokacin da yake raguwa, sai biyu na shekarar da ake maimaita wata guda. Ba da su ake rubuta wasiƙa ba. In ba kalanda kake haɗawa ba, ƙyale su.

Wani ya turo min takarda, na buɗe sai tarkacen boko.

Da tsohon font irin su Limon aka buga ta. Kafin Unicode, an ɗora siffar Khmer ne a kan maɓallan Turanci, a ciki kuwa boko ne. Mu ma ai mun sha wannan wahalar da ƙ da ɗ da ɓ, ka canza font su rikiɗe su koma wasu alamomi. Sai an bi da takardar ta manhajar juyawa, canza font kaɗai ba ya magani.

Kalmar tana cikin takardar, ina kallonta da idona, amma bincike ya ce babu. Me ke faruwa?

Yawwa, wannan ce tambaya. Ba zan yanke hukunci ban ga takardar ba, amma galibi matsalar jeri ce. A Khmer, in baƙaƙe suka haɗu babu wasali a tsakani, na biyun yakan sauka ƙarƙashin na farko. Suna ce masa coeng, wato ƙafa. Unicode bai ware wa waɗannan ƙafafu lambobi ba. Sai ka buga alama U+17D2, wadda ba ta fitowa, sannan baƙin ya biyo baya ya sauka ƙasa.

Ɗauki kalmar ស្ត្រី, ma'ana mace. Ƙafa biyu gare ta. Wani ya buga ƙafar harafin "ta" sannan ƙafar harafin "ro", wanda shi ne daidai. Wani ya juya su. A font da yawa kamarsu ɗaya, a wurin kwamfuta kuwa kalmomi biyu ne daban. Akwai ma abin da ya fi wannan ban haushi: ƙafar harafin "ta" da ƙafar harafin "da" siffarsu ɗaya sak, lambobinsu daban.

Wani lokacin kuma laifin U+200B ne. Khmer ba sa raba kalmomi da fili, don haka wasu kan cusa wannan fili marar ganuwa domin layi ya karye inda ya dace. In ya faɗa tsakiyar abin da kake nema, shi ke nan.

Kada ka dogara da NFC, tsarin Unicode na daidaita lambobin rubutu, ba ya gyara jerin ƙafafu. Ni dai nakan kwafo kalmar daga takardar, in duba lambobinta ɗaya bayan ɗaya, in kwatanta da wadda na buga. Yakan fito da matsalar, ko da yake ba kullum ba. Kuma ka kwantar da hankalinka, 'yan Kambodiya ma suna cin karo da wannan.

Wasalin yana gaban baƙi, in fara buga shi?

A'a! Baƙi tukuna, wasali daga baya, font ne zai mayar da shi hagu. In ka ga da'ira mai ɗigo-ɗigo, ka saɓa jerin.

Me ya sa saƙon tes ɗina ke rabuwa biyu?

Haruffa 70 kawai saƙo ɗaya ke ɗauka in ba boko zalla ba ne, ba 160 ba. Alamar ƙafar nan da ba ka gani, ita ma ana ƙirga ta.