Ruwa na ɗiga a mahaɗin bututu: amsoshin mai gyaran famfo a Garwa

Tun da injin wanki ya fara shiga gidaje a nan Garwa, tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda na fi ji.

Na naɗa teflon, wato farin tef ɗin masu gyaran famfo, a mahaɗi mai noti da zobe, amma bai daina ɗiga ba. Me ya sa?

Domin ba zaren notin ke tare ruwa ba. Wannan mahaɗi abu uku ne: jikinsa, noti, da ɗan zoben tagulla da ake zura wa bututu. Idan ka ɗaure noti, shi ke matse zoben ya rungumi bututun, a nan ruwa ke tsayawa. Teflon a kan zare ba ya ƙara komai, wani lokaci ma shi ke hana noti kaiwa inda ya kamata. Kwanaki wata Hajiya a Marwa ta kira ni, na tarar an naɗa teflon a mahaɗi har ya yi kamar rawani, ga kwano an tara a ƙasa, bango ya jiƙe har fenti na ɓarewa. Da na kwance, ashe bakin bututun ne aka yanka a karkace. Na sake yanka shi daidai, na goge kaifin bakin, na sa sabon zobe, shi ke nan.

To in ƙara ɗaurewa da ƙarfi?

A'a, don Allah. Ɗaure da hannu har ya tsaya, sannan ka ƙara kamar rabin juyi zuwa juyi ɗaya da sifana, kana riƙe jikin mahaɗin da wata sifanar. Buɗe ruwa, ka goge wurin da busasshen tsumma ka duba. In da danshi, ƙara kaɗan. Wanda ya danne da dukan ƙarfinsa ya lotsa bututu, kuma zoben da ya lotse sai dai a yanke a sake. In bututun roba ne, sai an sa masa ɗan ƙarfen da ke shiga cikin bakinsa, in ba haka ba zai lanƙwashe.

Wane tiyo zan saya wa injin wanki?

Girman bakin injin wanki 20/27 ne a lissafin shagunanmu, na famfon gida kuwa galibi 15/21, wato bai kai shi faɗi ba, saboda haka ka tafi kasuwa da tsohon tiyon a hannu. Ni na fi son mai saƙar ƙarfe a bayansa. Zafin Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana busar da roba ta tsattsage, ga kuma ruwan da ke dawowa da iska da ƙarfi bayan an ɗauke. Shi ma wannan tiyo ba ya son teflon, 'yar robar da ke cikin notinsa ce ke tare ruwa. Kada ya yi gajere har ya ɗame, kada kuma ya karye a bayan inji.

Tiyon hitar dumama ruwa fa?

Sai wanda aka yi don ruwan zafi. Bututun PVC na ruwan sanyi laushi yake yi.

Inji ya daina jan ruwa sosai, ya lalace ne?

Masu ruwan burtsatse ne suka fi kawo wannan kuka. Rufe famfo, kwance tiyo, za ka ga 'yar rariya a bakin injin cike da yashi. Zaro ta a hankali, ka wanke da tsohon buroshin haƙori, ka mayar.