Naman mus da borin jinin tsakar dare: tambayoyi da amsoshi

A dazukan Suwidin, Norwe, Finlan, Kanada da Alaska akwai ƙatuwar dabba mai faffaɗan ƙaho da ake kira mus. Dangin barewa ce, amma namijinta yakan haura kilo 500. Da kaka ake farautarta, a cika firiza da naman da iyali za su yi watanni suna ci. Wasu kuwa da sun ci sai jikinsu ya yi bore, abin da ake kira alaji.

Da gaske naman mus na tayar wa mutum da alaji?

Ƙwarai kuwa, sai dai galibi laifin ba na mus kaɗai ba ne. Akwai wani nau'in sukari mai suna alfa-gal a naman dabbobi masu shayarwa: saniya, tunkiya, akuya, zomo, barewa da mus. Jikin ɗan Adam ba ya yin sa. Wanda garkuwar jikinsa ta ɗauki wannan sukari a matsayin abokin gaba, tsiren naman shanu ko balangun rago ma za su iya kayar da shi kamar yadda naman mus ya yi. Kaza, talotalo, kifi da ƙwai ba su da shi.

Mutum ya shekara talatin yana cin nama lafiya. Me ya sauya?

Kaska ce. Idan ta ciji mutum, tana iya zuba masa alfa-gal ta cikin yawunta, daga nan garkuwar jiki ta ƙulla gaba da sukarin. Ayarin Thomas Platts-Mills na Jami'ar Bajiniya da ke Amurka ne ya bayyana wannan alaji ta nama a 2009, sannan a 2013 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka gano sukarin a cikin kaskar da ta fi yawa a Turai. Maharbi kuwa ai shi ne ke kutsawa cikin ciyawa, shi ke jan dabbar, shi ke fiɗa, don haka ya fi haɗuwa da kaska. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa masu wannan matsala a Amurka za su iya kai 450,000.

Yaya ake gane ta?

A nan mutane suka fi ruɗewa. Alajin gyaɗa cikin mintuna take bayyana. Wannan kuwa sai bayan awa 2 zuwa 6, domin sukarin na maƙale da kitse, kitse kuma ba ya saurin shiga jini. Mutum ya ci nama bayan magariba, ya kwanta lafiya ƙalau, tsakar dare ya farka tafin hannunsa na ƙaiƙayi, jiki duk ya yi ruɗu-ruɗu, ciki na murɗawa. Sai ya haska fitila yana neman kuɗin cizo a katifa, tunaninsa bai ko je kan abincin dare ba. Wasu ma ba sa ganin komai a fata, amai da gudawa kawai, sai a ce abinci ne ya lalace.

Kuma ba kullum take tashi ba. Yau a ci a kwana lafiya, wani makon a ci a kwana a asibiti. Nama mai kitse da kayan ciki, musamman ƙoda, sun fi tayar da ita. Barasa, motsa jiki bayan cin abinci da magunguna irin su asfirin suna ƙara mata ƙarfi.

Wanda yake atishawa lokacin fiɗa fa?

Wannan daban ce. Gashi da ɓurɓushin fatar dabbar ne ke sa mura, jan ido ko tashin asma, kuma nan take ake ji. Safar hannu da takunkumi suna taimakawa, amma mai asma gara ya bar wa wani wuƙar.

Ta yaya likita zai tabbatar?

Da gwajin jini da ke auna ƙwayoyin garkuwa na IgE masu faɗa da alfa-gal, a haɗa da labarin majiyyaci. Gwajin shi kaɗai bai isa ba, don akwai masu ɗauke da ƙwayoyin da ke cin nama ba abin da ke samunsu. Ka riƙa rubuta abin da ka ci, da ƙarfe nawa, da lokacin da ƙaiƙayi ya fara.

Idan abin ya tsananta, me za a yi?

Kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, jiri: da an ga ɗaya daga cikin waɗannan, allurar adirenalin ce a gefen cinya ba tare da jira ba, sannan a kira motar asibiti (112 a Suwidin, 911 a Kanada da Amurka). A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in kuma numfashi ya yi masa wuya a bar shi ya zauna. Piriton na rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaro. Ko ya ji sauƙi bayan allurar, asibiti dole ne, domin abin na iya dawowa.

Ana warkewa?

Abin da likitoci ke dogaro da shi shi ne ƙaurace wa jan nama da romonsa. Wasu har madara da jelatin na alawa da kwanson magani suna taɓa su, don haka a sanar da likita kafin tiyata ko sabon magani. Ƙwayoyin IgE kan ragu da shekaru idan kaska ba ta sake cizo ba, har wasu su koma cin nama a ƙarƙashin kulawar likita. Sabon cizo kuwa na iya mayar da hannun agogo baya. Mai shiga daji ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya fesa wa tufafinsa maganin ƙwari, in ya dawo ya duba hammata, matsematsi da bayan gwiwa.