Amount, number, quantity da magnitude: ina bambancinsu yake?

Masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, da ma'aikatan da ke rubuta rahoto da Turanci, suna yawan yi mini tambayoyi a kan waɗannan kalmomi. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa.

Tambaya: Me ya sa waɗannan kalmomi suke rikita mu haka?

Amsa: Saboda Hausa ba ta raba abin da Turanci ya raba. Mu kan ce yawan ruwa, mu ce yawan mutane, kalma ɗaya ta wadatar. Haka nan "nawa" ta ishe mu tambayar farashin doya da kuma yawan 'ya'yan mutum. Bature kuwa sai ya ce "how much" a ta farko, "how many" a ta biyu. Kafin ya buɗe baki ya riga ya yanke hukunci: abin nan ƙirga shi ake yi ko auna shi? Duk wanda ya saba wa kansa da wannan tambaya ya gama rabin aikin.

Tambaya: To, yaushe zan ce amount, yaushe zan ce number?

Amsa: Ka tuna kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Gero ba wanda ke ƙirga ƙwayarsa, da mudu ko tiya ake aunawa. Wannan shi ne gidan amount: "the amount of millet". Amma da zarar an ɗura geron a buhuna an jera su, sai a koma ƙirge, ɗaya, biyu, uku. Nan number ta shigo: "the number of bags". Gero ɗaya ne, abin da ya canza shi ne yadda kake kallonsa. Ruwa, man fetur, lokaci, yashi, aiki, duk amount suke ɗauka. Ɗalibai, motoci, gidaje, shanu, number ce tasu. Alama mai sauƙi ita ce, sunan da ke bin number jam'i ne kullum.

Tambaya: Amma ai kuɗi ƙirga su ake yi. Don me ake cewa "amount of money"?

Amsa: Wannan tambaya tana burge ni, domin a Hausa kuɗi asalinsu jam'i ne, tilonsu wuri, tun zamanin da ake ciniki da shi. Shi ya sa muke cewa "kuɗina sun ƙare". Turanci kuwa ya ɗauki money tamkar ruwa, dunƙule guda. Abin da kake ƙirgawa takardun kuɗi ne ko naira, don haka "the number of notes" daidai ne, amma money sai amount. Akwai wasu sunaye masu irin wannan hali da suke kayar da ɗalibai da yawa: information, advice, furniture, equipment, luggage. Ba a yi musu jam'i. "Equipments" da "advices" sun cika takardun ofisoshinmu, amma mai duba jarrabawa zai ja musu jan layi. In kana son ƙirga su sai ka ce "three pieces of equipment".

Tambaya: "A number of" da "the number of" abu ɗaya ne?

Amsa: A'a. Na farko yana nufin "wasu da dama", kuma aikatau na jam'i yake ɗauka: "A number of students are absent." Na biyu adadin kansa ake magana a kai, don haka tilo ne: "The number of students is fifty."

Tambaya: Ina matsayin quantity?

Amsa: Ita tana cin gida biyu. Za ka iya cewa "a large quantity of rice", ka kuma ce "a large quantity of books". Sai dai kalma ce ta fatauci da ɗakin gwaje-gwaje da takardun ofis. Duba rasitin kaya, za ka ga an ware mata layi kusa da farashi. Ma'aikacin da ke lissafa simintin da gini zai ci da rodi da yashi, sunansa "quantity surveyor". Ta fi dacewa da abin da za a ɗora a sikeli ko a loda a mota. Haƙuri ko ƙauna ba sa hawa sikeli, shi ya sa "amount of patience" ya fi zama daidai a kunne.

Tambaya: Magnitude fa? Ita ma yawa take nufi?

Amsa: A nan ne nake so a tsaya sosai, don mutane na ɗaukar ta su saka a inda ba wurinta ba, wai don ta yi nauyi a baki. Tushenta kalmar Latin ce, magnus, wato babba. Girma take nufi, ko ƙarfi, ko muhimmanci, ba yawa ba. Ba a cewa "magnitude of water in the tank". Amma ana cewa "the magnitude of the problem", wato girman matsalar da nauyinta.

A kimiyya tana da aiki na musamman. Ita ce ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa tun daga 1935, lokacin da Charles Richter ya fito da ma'auninsa a Kalifoniya. Masana sun koma ga wani sabon lissafi daga baya, amma kalmar ta zauna. Girgizar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 ta kai 7.8. Wani zai ce tsakanin 6.8 da 7.8 ai ɗaya ne kacal. Ba haka ba ne: kowane mataki ɗaya yana nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Daga irin wannan lissafi na ninki ne ake samun "an order of magnitude", ma'ana ninki goma. Tsakanin 100 da 1,000 akwai guda ɗaya, tsakanin 100 da 10,000 akwai biyu.

Masu nazarin taurari ma da ita suke auna haske, sai dai nasu a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai haske. Tauraron da ido ke gani da ƙyar yana wajen 6, Zara matar wata kuwa tana wajen -4. Ɗalibin kimiyyar Fiziks kuma zai haɗu da ita a inda aka ce ƙarfi yana da girma da kuma alkibla.

Tambaya: Size, volume, extent da sum?

Amsa: Size girman jiki ne, na takalmi, na riga, na fili. Volume shi ne wurin da abu ya cika, kamar lita 20 ta jarka, sannan ƙarar rediyo. Extent iyakar inda abu ya kai, kamar ɓarnar ambaliya. Sum jimilla ce, kuma ta fi son kuɗi: "a large sum of money".

Tambaya: Na ji Turawa da kansu suna cewa "amount of people". Ke nan ƙa'idar ba dole ba ce?

Amsa: Ka ji daidai, suna faɗa a hira, kamar yadda suke cewa "less people" maimakon "fewer people". Rabuwar less da fewer ma, wato fewer ga abin da ake ƙirgawa, less ga abin da ake aunawa, ba ta da tsufa kamar yadda ake zato. Wani marubuci, Robert Baker, ya kawo ta a 1770 a matsayin abin da ya fi yi masa daɗi, malamai suka mayar da ita doka. Har yanzu ana gardama a kanta a Ingila, inda a 2008 kantunan Tesco suka fara sauya allon "10 items or less" zuwa "up to 10 items". A hira ba wanda zai tsayar da kai. A jarrabawa, ko wasiƙar neman aiki, ko rahoton ofis, ka rubuta "number of people" da "fewer people".