Ganyen Shayi da Sauyin Yanayi

Shayi, wanda masana ke kira Camellia sinensis, tsiro ne da ake noma saboda tohonsa. Masu tsinka ba sa taɓa tsohon ganye, ganye biyu na sama da ɗan tohon da ke tsakaninsu kawai suke cira, sannan su dawo kan tsiron bayan kwanaki kaɗan. Don haka duk abin da ya hana sabon toho fitowa, ya rage amfanin gonar nan take. Ga shi sai an tara kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen ganye kafin a samu kilo 1 na busasshe.

Tsiron yana son ruwan sama da bai gaza milimita 1,200 a shekara ba, amma yadda ruwan ke rarrabuwa cikin watanni ya fi yawansa muhimmanci. Ya fi jin daɗi a zafin digiri 18 zuwa 30. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 13, toho sai ya tsaya cik.

Jos ta isa misali. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ga sanyi, ga damina mai albarka da take ciyar da dankalin Turawa. Sai dai daga Nuwamba zuwa Maris ruwa yana ɗaukewa, hunturu ya shigo da ƙura, ƙasa ta bushe ƙamas, kuma shayi ba ya jure irin wannan dogon rani sai da ban ruwa. Shi ya sa noman shayi a Najeriya ya zauna a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, inda gonar Kakara, kusa da Gembu, ke samar da Highland Tea. Can ranin gajere ne, hazon safiya kuma yana riƙe laima.

A Kenya, yankin Kericho ya yi suna wajen zubar ƙanƙara. Cikin 'yan mintuna takan yayyaga tohon gona guda, manomi ya yi makonni bai tsinki abin kirki ba, abin tausayi ƙwarai ga mai ƙaramar gona da tsinkar yau ce cefanensa. A Asam ta Indiya kuwa, ambaliya takan jiƙe saiwa ta ruɓe, fari kuma ya kawo jan ƙwaro mai tsotse ganye.

Idan ganye ya yi ƙaranci, farashi yakan tashi a kasuwar gwanjon shayi ta Mombasa da ke Kenya, tsadar kuma takan biyo hanya har teburin mai shayi a kasuwar Taminus ta Jos.