Lissafin Tasirin Annoba a Kan Yawon Buɗe Ido

Lissafin tasirin annoba a kan yawon buɗe ido wani reshe ne na ilimin tattalin arziki da ke amfani da samfuran lissafi domin auna asarar da ƙasa ke yi idan baƙi suka daina zuwa, da kuma tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta farfaɗo.

Asali

Tushen wannan fanni ya girmi annobar korona da shekaru da yawa. Wassily Leontief, masanin da aka haifa a gidan 'yan Rasha ya kuma yi aiki a Amurka, shi ne ya fito da jadawalin da ke nuna abin da kowane ɓangare na tattalin arziki ke saye daga wani, a wajen shekarar 1936, kuma a kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1973. Da wannan jadawali ake iya bin sawun kuɗin da baƙo ya biya a otal har ya kai ga manomi da mai wanki da direba. Ana yawan danganta samfurin farko da ya haɗa dukkan kasuwanni da sauyin farashi ga Leif Johansen na ƙasar Norway, a 1960. Matsalar da ta daɗe ita ce yawon buɗe ido ba shi da gurbi guda a ƙididdigar ƙasa, ya warwatsu ne tsakanin sufuri da masauki da abinci, sai a shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsarin ƙididdiga na musamman domin tattara shi.

Lokacin korona

A 2020 adadin masu ƙetare iyakoki don yawo ya ragu da fiye da kashi 70 cikin 100, daga kusan biliyan 1.5 a 2019. A watan Yulin wannan shekara hukumar UNCTAD, mai kula da ciniki da ci gaba a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi amfani da GTAP, samfurin cinikin duniya na Jami'ar Purdue da ke Amurka, inda ta kiyasta cewa duniya za ta yi asarar dala tiriliyan 1.2 idan tafiye-tafiye suka tsaya wata huɗu, da tiriliyan 3.3 idan suka tsaya shekara guda. Hajjin 2020, wanda aka taƙaita shi ga 'yan tsirarun mazauna Saudiyya bayan kusan miliyan 2.5 a 2019, ya nuna cewa ziyarar ibada ma tana cikin wannan lissafi.

Farfaɗowa

Maldibs, ƙasar tsibirai a Tekun Indiya da ta dogara da yawon buɗe ido, misali ce da ake yawan kawowa. Tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a 2020, amma ta buɗe iyakokinta tun Yulin shekarar, ta kuma farfaɗo da sauri a 2021.

Suka

Masu suka na cewa samfuran ba sa kama ƙananan sana'o'in da ba su da rajista, kuma suna ɗauka cewa ma'aikacin da ya rasa aiki zai samu wani cikin sauƙi. Masana ba su daidaita a kan girman wannan giɓi ba.