Magidanta, ku daina shan maganin maza na cikin gora

Abin ya yi yawa a asibiti. A kawo dattijo jiri na ɗibarsa, ko ƙafa ta kumbura, a tambaye shi me ya sha, ya ce babu. Sai an matsa ya fito da gorar da ya saya a tasha, ba suna, ba adadin sha. Haba Alhaji!

Masu tallar maganin da lasifika na cewa sinadarin namiji, wato testosteron, ne ya ragu. Gaskiya ne yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara daga wajen shekara 40. Wanda ke yawo sake a jini, wanda jiki ke mora kai tsaye, kusan kashi 2 ne kacal cikin 100, kuma shi ya fi saurin sauka. Amma mai lasifika ba ya da na'urar auna shi. Tsidau ma da ake ta tallarsa an gwada shi a kan mutane, bai ɗaga sinadarin ba.

To me ya sa wasu haɗin suke "aiki" nan take? Sau da yawa an niƙa sildenafil ne, maganin da ke cikin Viagra, an zuba ba awo. Mai ciwon zuciya da ke shan isosorbide ko ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, in ya haɗa da wannan, jininsa zai faɗi warwas, ana iya rasa shi. Ƙoda ma tana shan wahala. Ku daina sha! Lambar NAFDAC ma ba shaidar magani na aiki ba ce, balle gorar da ba ta da ko takarda.

Mun san akwai kunya, ba ma raina damuwarku. Sai dai raunin da ake ɗora wa basir da sanyi yawanci ciwon suga ne, ko hawan jini, ko teɓa, ko taba. Kuna kurɓar gora, suga na cin jijiyoyi.

Ga abin yi:
- A auna suga da hawan jini.
- Gwajin testosteron da safe ake yi, kafin ƙarfe 10, a maimaita wata rana.
- Rage teɓa, tafiyar minti 30, isasshen barci.
- Ku zo da gorar likita ya gani.

In gaba ya miƙe ya kai awa 4 bai kwanta ba, musamman mai sikila, a tafi asibiti a daren, kar a jira gari ya waye.