Mai Gidan Burodi Da Ma'aikatansa: Amsoshin Tambayoyin Da Ake Ta Maimaitawa

Masu ƙananan gidajen burodi, waɗanda ma'aikatansu ba su wuce goma ko goma sha biyar ba, su ne ke yawan kawo waɗannan tambayoyi. Na haɗa amsoshin wuri guda domin mai buƙata ya karanta kafin ya sake tambaya.

Yarana ba su da himma a wurin aiki. Me zan yi musu?

Ka biya su haƙƙinsu a ranar da ka yi alkawari. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma kaɗan ne cikin sana'o'i ake zubar da gumi kamar na mai tsayuwa gaban murhun gashi. Mutumin da ke binka kuɗin mako biyu ba zai saurari nasiharka a kan himma ba.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta hau kaina?

Galibi ba ta hau ba. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne a wata, amma dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Sai dai kada wannan ya zama maka mafaka, Alhaji, domin mai kwaɓinka yana sayen hatsi a kasuwar da kowa ke saya, kuma kuɗin motarsa ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Idan ka ƙara farashin burodi sau uku saboda tsadar fulawa da sukari, amma ladan masu yinsa bai motsa ba, to ka sani suna lissafi ko ba su faɗa ba.

Zan iya sa ƙananan yara aikin dare don rage kashe kuɗi?

A'a. Dokar ƙwadago ta hana, kuma injin murza kwaɓi yana cin yatsun manya ma, balle yaron da barci ya ɗebe.

Burodi ya ƙone, ko lissafin buhu bai cika ba. A kuɗin wa zan cire?

Wannan ce tambayar da ke rusa haɗin kai a gidajen burodi fiye da kowace, kuma ba ta da amsa ɗaya, don haka a karanta a hankali. Da farko, dokar ƙwadago ba ta ba mai gida damar cin tarar ma'aikaci yadda ya ga dama ba. Ragin da ta yarda da shi saboda ɓarna shi ne wanda ya biyo bayan ganganci ko sakaci, ya kasance daidai gwargwado, kuma da amincewar jami'in ƙwadago. Na san a ƙananan gidaje kusan babu mai bin wannan hanya, amma ya kamata ka san matsayinka kafin ka taɓa kuɗin wani.

Na biyu, burodi ɗaya hannu da yawa ke yinsa: mai auna fulawa da yis da gishiri, mai kwaɓi, mai murzawa, mai yanka da awo, mai shafa wa gwangwani mai, mai gashi, sannan masu sa leda. Laifin da ya bayyana a bakin murhu sau da yawa ba a can aka haife shi ba. Idan burodi ya zube ya yi tsami, mai yiwuwa kwaɓin ne ya wuce lokacin tashinsa, abin da ke faruwa da sauri a zafin Afrilu da Mayu. Idan ya ƙi tashi ya yi nauyi, wataƙila yis ɗin ya tsufa, ko an zuba masa ruwan da ya yi zafi ya kashe shi, ko sanyin hunturu ne ya sa yake buƙatar ƙarin lokaci amma aka hanzarta shi saboda masu shayi suna jira. Idan ƙasan burodin ne ya ƙone a gefe guda kullum, to a duba murhun, musamman na itace wanda zafinsa ba ya daidaita. Idan kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar murzawa, janareta babu mai, wannan asarar mai gida ce, ba ta kowa ba. Wanda ya cire kuɗin mai gashi kawai don shi ne na ƙarshe da ya taɓa burodin ya zalunce shi, kuma ya koya wa sauran cewa hanyar tsira ita ce ɓoye kuskure da jingina shi ga wani.

Abin da nake ba da shawara, kuma ban ce zai dace da kowane gida ba, shi ne ka fara sanin adadin da buhun fulawa mai kilo 50 ke bayarwa a gidanka, da awonka da girman gwangwaninka, ta hanyar tsayawa da kanka a auna a gabanka kwanaki da dama. Sannan ka ware ɗan adadin da ka yafe a matsayin lalacewar da ba makawa. Abin da ma'aikata suka tsirar daga cikin wannan adadi, ka ba su wani kaso nasa a ƙarshen mako su raba gaba ɗayansu, har da mai wanke gwangwani. Da zarar ribar kiyayewa ta zama ta kowa, mai gashi zai gaya wa mai kwaɓi cewa kwaɓin ya yi ruwa tun kafin a yanka. Wannan tsari yana da rauninsa: malalaci zai ci guminsu tare da su, kuma idan ƙarin ya yi ƙanƙanta ba wanda zai damu da shi. Haka nan bai shafi ganganci ba. Wanda ya bar burodi a murhu ya tafi kallon waya, bayan an yi masa gargaɗi a keɓe sau ɗaya da biyu, maganarsa daban ce, kuma sallama cikin mutunci bayan an biya shi haƙƙinsa ta fi yankan albashi kullum. Idan kuwa fulawa ko sukari ke ɓacewa, kada ka tara kowa ka kira su ɓarayi. Ka sa mutum ɗaya ya riƙe makullin sito, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Masu aikin dare da masu rarrabawa da safe kullum cikin faɗa suke.

Saboda ba sa haɗuwa sai a kan ƙorafi. Ka sa a ƙirga burodi a gaban ɓangarorin biyu, a rubuta a littafi, kowa ya sa hannu kafin babur ko mota ta tashi. Burodin da aka dawo da shi ma a rubuta dalilinsa, domin masu gashi su ji abin da masu shaguna ke faɗa a kan aikinsu, har da yabo idan an yi.

Na ɗora ƙanena a kansu, amma ba sa jin maganarsa.

Ya iya kwaɓi? Ya taɓa kwana a bakin murhu? In bai iya ba, me ya sa kake mamaki? Ma'aikatan burodi suna bin wanda ya fi su sanin aiki. Ka bar ƙanenka a kan kuɗi da littafi in amintacce ne, ka ba tsohon ma'aikacinka shugabancin ɗakin aiki, ka ƙara masa wani abu a kan haka. Kuma duk dokar da ta hau bare ta hau ɗan gida, in ba haka ba kada ka sake kawo mini maganar haɗin kai.

Hutu fa? Burodi ba ya jira.

Doka ta ba ma'aikaci yini guda cikakke a kowane mako. Ka tsara shi bi da bi, kuma hakan ba zai yiwu ba sai kowane aiki yana da aƙalla mutum biyu da suka iya shi. A watan azumi ka matsar da gashi zuwa bayan buɗa-baki gwargwadon iko, ka tanadi sahur ga masu kwana, kuma goron sallah ya isa hannunsu kafin sallah.

Na koya wa yaro aiki, ya ƙware, ya koma wani gidan. Shin in daina koyarwa?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, wannan ya faru da kusan duk mai wannan sana'a, kuma ba dalilin daina koyarwa ba ne. Gidan da mutum ɗaya kaɗai ya san awon kwaɓi yana tsayawa ne ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Ki tambayi wanda ya tafi abin da ya raba shi da ke ba tare da faɗa ba, domin amsar takan kasance kuɗi ne ko wulaƙanci a gaban abokan aiki, kuma duka biyun suna hannunki. Ga waɗanda suka rage, ki bayyana musu matakan tun yanzu: mai wanke gwangwani ya san bayan wata nawa zai koma awo, mai awo ya san yaushe zai kama kwaɓi, da abin da za a ƙara wa kowa a kowane mataki.